Buɗe keji kaɗai ba ya mayar da tsuntsu daji

An daɗe ana cewa a Zariya, duk tsuntsun da aka buɗe wa keji zai koma daji ya ci gaba da rayuwarsa. Masu yin haka tausayi ne ke motsa su, wasu ma da niyyar sadaka, sai dai lamarin bai kai haka sauƙi ba.

Kanari ko kurciyar da aka kama da girmanta kwanan nan, in lafiyarta ƙalau, za a iya mayar da ita inda aka kamo ta, da safe. Wanda ya tashi a keji tun yana ɗan tsako kuwa, fukafukansa ba su saba da dogon tashi ba, bai iya neman abinci ba, bai san shaho ko mage ba. Sau da yawa yunwa ke kashe shi, ko a cafke shi. In yana ɗauke da cuta kuma, sai ya shafa wa na daji. Shi aku mai jan wutsiya ma ba ɗan nan ba ne, na kurmin kudu ne; ko an kai shi gindin dutsen Kufena da ke Zariya, ba zai sami irin abincinsa ba, balle da hunturu.

Kowa na iya gwada ko tsuntsunsa ya shirya komawa daji. A sake shi cikin ɗaki a rufe: yana tashi ba haki? Yana gudun mutane? In har yana sauka a hannu, bai shirya ba, gara a nemi shawarar likitan dabbobi.

Don Allah a tura wa masu kiwon tsuntsaye wannan bayani.