Waiwaye: Littafin ƙarshe na Douglas Adams da tsohuwar muhawara kan takardun mamaci

A maƙabartar Highgate da ke arewacin Landan akwai wani ɗan ƙaramin dutsen kabari marar ado. Abin da ke jikinsa bai wuce sunan Douglas Adams ba, da kalma ɗaya mai nuna cewa marubuci ne, sai shekarun 1952 zuwa 2001. A gabansa akwai wani mazubi da kusan kullum za a tarar da shi cike da biro. Masu ziyara ne ke ajiye su, kuma akasarinsu ba danginsa ba ne, ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Mutane ne da ya sa su dariya suna matasa, suka zo yi masa sallama da abin da suka san shi da shi.

Mutuwarsa ta zo ba zato ba tsammani. Ranar 11 ga Mayu 2001, a Montecito ta jihar Kalifoniya, yana wurin motsa jiki zuciyarsa ta buga, yana da shekara 49. Ya koma Amurka ne a 1999 yana fafutukar ganin an mayar da shahararren labarinsa fim, fim ɗin da bai fito ba sai 2005, bayan ransa.

Wanda bai san shi ba zai so a ɗan koma baya. An haife shi a Cambridge, ya yi karatun adabin Ingilishi a jami'ar garin, ya sha wahalar neman abin yi kafin gidan rediyon BBC ya fara watsa wasan kwaikwayonsa a watan Maris na 1978. Sunan wasan The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, kuma a 1979 ya fito a littafi. Labarin wani talakan Ingila ne, Arthur Dent, da ya wayi gari ya ga an zo rushe gidansa don a fitar da titi. Da ya yi ƙorafi sai aka ce ai an daɗe da kafa sanarwa, shi ne bai je ya duba ba. Kafin ya gama wannan rigima, wasu halittu daga sararin samaniya suka iso suka rushe duniyar baki ɗaya, su ma titi za su fitar, su ma sun ce sanarwarsu ta daɗe a kafe. Duk wanda ya taɓa zarya a ofis yana neman a sa masa hannu a takarda ya san inda wannan barkwanci ya dosa. A cikin labarin ne wata ƙatuwar kwamfuta ta shafe shekara miliyan bakwai da rabi tana neman amsar babbar tambayar rayuwa, ta fito da 42. A cikinsa ne kuma aka ce babu abin da ya fi tawul amfani ga matafiyi. Shi ya sa mako biyu bayan mutuwarsa, ranar 25 ga Mayu, masoyansa suka fita da tawul a kafaɗa, kuma har yau ana yin haka duk shekara.

Adams ba mai saurin rubutu ba ne, kowa ya san wannan. A 1984 sai da editansa Sonny Mehta ya tsare shi a ɗakin otal a Landan na wasu makonni kafin ya kammala littafi na huɗu a jerin labarin Arthur Dent. Na biyar ya fito a 1992 da ƙarshe mai ɗaci, shi da kansa ya ce shekarar ba ta yi masa daɗi ba, kuma yana son wata rana ya rufe labarin da fara'a. Daga nan aka shiga jira. Ya daɗe yana maganar wani sabon littafi mai suna The Salmon of Doubt, ma'ana kifin kokwanto, wanda ya faro shi a matsayin kashi na uku na labarin ɗan binciken nan nasa Dirk Gently, daga baya ya ce yana ganin tunanin da ke ciki ya fi dacewa da labarin Arthur Dent. Shekara tara masu karatu na sauraro, sai labarin mutuwa ya zo a maimakon littafi.

Abin da ya biyo baya shi ne aka buɗe kwamfutocinsa. Adams mai son kwamfutar Macintosh ne tun fitowarta, ya tara su da yawa, kuma da aka kwashe abin da ke cikinsu an samu rubuce-rubuce sama da dubu biyu: wasiƙu, jawabai, maƙalun jarida, guntayen labarai. Da amincewar matarsa, edita Peter Guzzardi ya zauna ya tace, ya haɗa babi goma sha ɗaya na labarin da ba a gama ba daga kwafe-kwafe daban-daban, ya jera sauran a gabansu. Littafin ya fito da sunan The Salmon of Doubt a watan Mayu na 2002, shekara guda da rasa shi.

Tun a lokacin aka yi ta tambaya: da yana raye, zai yarda a fitar da wannan? Mutum ne da kan goge shafi ya sake har sai ya gamsu. Tambayar kuwa ta girmi Adams nesa ba kusa ba, kuma marubutan barkwanci sun sha faɗawa cikinta.

Mafi munin misali shi ne na Mark Twain, babban marubucin raha na Amurka, wanda ya mutu a 1910. A 1916 aka fitar da wani littafi da sunansa, The Mysterious Stranger, aka ce shi ne labarinsa na ƙarshe. Kusan shekara hamsin mutane na karantawa suna yabo. Sai a 1963 wani masani, John Tuckey, ya bi takardun asali ya gano cewa Albert Bigelow Paine, wanda aka damƙa wa amanar rubuce-rubucen Twain, tare da wani edita Frederick Duneka, sun ɗauki wani kwafi da bai kammala ba, suka yanke wurare da yawa, suka ciro ƙarshen wani kwafi daban suka liƙa masa. Ba su tsaya nan ba, suka shigo da wani masanin taurari cikin labarin suka ɗora masa muguntar da Twain ya rubuta a kan wani limamin coci, don kada a ɓata wa masu addini rai. Ba su gaya wa kowa ba. Sai a 1969 aka buga ainihin abin da mutumin ya bari. A ganina wannan cin amana ne, ko da an yi shi da niyyar kare mutuncinsa, domin an sa wa mamaci magana a baki a lokacin da ba zai iya musawa ba.

Wasu magadan sun bi wata hanyar. P. G. Wodehouse, marubucin barkwanci ɗan asalin Ingila, ya mutu a asibiti a Amurka a watan Fabrairun 1975, yana da shekara 93, da takardun sabon littafinsa tare da shi. Ya rubuta babi goma sha shida cikin ashirin da biyu da ya tsara. A 1977 aka buga su yadda suke, aka biyo su da 'yan bayanansa na yadda yake son labarin ya ƙare, ba wanda ya ƙarasa masa. Haka aka yi wa Hergé na Beljiyam, mai zanen labaran wani matashin ɗan jarida mai suna Tintin, wanda ya mutu a watan Maris na 1983 bayan ya sha faɗin cewa ba ya son wani ya ci gaba da Tintin a bayansa. Abokin aikinsa Bob de Moor ya so ya kammala littafin ƙarshe, matar marigayin ta ƙi daga bisani. A 1986 aka buga zanen fensir ɗin kamar yadda ya bar shi. Labarin ya tsaya ne daidai inda aka tasa Tintin a gaba da bindiga ana shirin hallaka shi, kuma a nan yake tsaye har yau.

Wanda ya fi taɓa ni a wannan jeri shi ne René Goscinny na Faransa, marubucin Asterix, wanda waɗanda suka yi boko da Faransanci za su iya tunawa. Shi ma zuciya ce ta ɗauke shi, a watan Nuwamba na 1977, yana da shekara 51, ana cikin yi masa gwajin lafiyar zuciyar a wurin likita. Ya riga ya rubuta labarin tafiyar Asterix ƙasar Beljiyam, abokinsa Albert Uderzo na tsakiyar zanawa. Uderzo ya ƙarasa zanen, littafin ya fito a 1979, amma daga wani wuri a cikinsa sai sama ta yi duhu, ruwa ya sauko. Mai zanen ya yi kukansa ne a cikin aikin, ba tare da ya ƙara wa abokinsa kalma ba. Bayan shekaru, 'yar Goscinny ta tarar da tarin labaran mahaifinta na wani ɗan makaranta, Petit Nicolas, da suka fito a jarida amma ba a taɓa haɗa su a littafi ba, ta buga tamanin daga cikinsu a 2004, Faransawa suka yi rububin saye. Mu ma a nan gida mun ga irin wannan aiki: Abubakar Imam ya rasu a 1981, tarihin rayuwarsa da ya bari ya fito a Zariya a 1989 bayan Abdurrahman Mora ya tattara shi.

To a ina littafin Adams ya faɗa? Ya fi kusa da hanyar Wodehouse da Hergé. Guzzardi ya yi bayani a farkon littafin cewa haɗi ya yi, ya faɗi inda ya samo babobin, bai ƙirƙiro ƙarshe ba. Amma abin da ya sa littafin ya zauna a zukatan mutane ba guntun labarin ba ne, sauran shafukan ne. Akwai wasiƙar da ya aika wa wata mujallar yara yana ɗan shekara goma sha biyu. Akwai inda yake koya wa Amurkawa yadda ake haɗa shayi, yana nanata cewa sai ruwan na tafasa za a zuba. Akwai ƙorafinsa kan tarin wayoyin caji da kowace na'ura ke zuwa da nata. Akwai labarin tafiyar da ya shiga zuwa dutsen Kilimanjaro a 1994 sanye da kayan kamannin karkanda, don a tara kuɗin kare dabbar. Wannan na ƙarshe ya tuna wa mutane cewa littafin da ya fi alfahari da shi ba na sararin samaniya ba ne, shi ne Last Chance to See na 1990, wanda suka yi da masanin dabbobi Mark Carwardine, suka bi dabbobin da ke dab da ƙarewa daga Madagaska zuwa Zayar zuwa kogin Yangtze na ƙasar Sin.

Wanda ya halarci zaman makoki ya san abin da ake yi bayan an yi gaisuwa an natsu. Ba a lissafa manyan ayyukan mamaci da farko. Wani zai tuna yadda yake shan shayinsa, wani ya tuna wata magana da ya taɓa yi a mota, a yi murmushi, wani ya share hawaye. Mai karatu ba shi da gurbi a irin wannan zama, domin iyali ba su san shi ba. Littafin nan ya ba shi gurbin. Shi ya sa nake ganin masu sukar da suka auna shi da ma'aunin littattafan da Adams ya kammala da hannunsa, suka ce tarkace ne, sun faɗi gaskiya ta wani ɓangare amma sun kuskure dalilin da ya sa mutane suka saya. Muryarsa suke nema, kuma sun same ta.

Inda nake da ja shi ne abin da ya faru a 2009, lokacin da marubucin ƙasar Ireland Eoin Colfer ya rubuta littafi na shida a jerin labarin Arthur Dent, da izinin iyalin. Ba a ɓoye wa kowa ba, sunansa ne a bango, kuma wasu sun ji daɗinsa. Sai dai wannan wani abu ne daban: an cika alkawarin da Adams ya yi, amma da bakin wani.

Terry Pratchett, wanda ake yawan ambata tare da Adams a barkwancin Birtaniya, ya samu abin da shi Adams bai samu ba, wato lokacin yin wasiyya. An gano yana da wani nau'in cutar mantuwa a 2007, ya mutu ranar 12 ga Maris 2015. Littafinsa na 41 a jerin Discworld ya fito bayan 'yan watanni, 'yarsa kuma ta ce daga shi ba za a ƙara ba. Sauran ayyukan da bai gama ba, ya bar umarnin a murƙushe su. A watan Agustan 2017 mataimakinsa Rob Wilkins ya ɗauki ma'ajiyar bayanan kwamfutarsa ya kai wani baje kolin tsofaffin injina a yankin Dorset, aka sa tsohuwar motar daɓe titi mai aiki da tururi ta bi ta kanta. Masoyansa da yawa sun ji zafin abin, amma sun yarda haƙƙinsa ne. Duk da haka ba su daina nema ba. Wasu daga cikinsu sun bi tsofaffin jaridu shafi-shafi har suka tono gajerun labaran da ya buga yana ɗan jarida, akasarinsu da sunan aro na Patrick Kearns, aka haɗa ashirin aka fitar a 2023. Waɗannan ya riga ya sake su da kansa tun yana raye, don haka ba a karya wasiyyar ba.

Adams bai bar irin wannan umarni ba, mutum mai shekara 49 bai cika tunanin barinsa ba. Iyalinsa da editansa ne suka yanke hukunci, kuma ina ganin sun kyauta da suka bar yankan a fili. A guntun labarin, wata mata ta zo wurin Dirk Gently tana neman ya gano mata rabin kyanwarta da ya ɓace. Wani da bai sani ba yana zuba masa kuɗi a banki. Ya bi wani baƙo har Amurka. Zaren labarin ya fara haɗuwa ke nan, sai babi na goma sha ɗaya ya ƙare. Mai karatu ya juya 'yan shafuka, ya tarar da alhinin da abokinsa Richard Dawkins ya rubuta kwanaki kaɗan bayan mutuwar, sannan tsarin taron tunawa da shi da aka yi a cocin St Martin-in-the-Fields da ke Landan ranar 17 ga Satumba 2001.