Mece ce "fasahar tunani"? Daga ayabar bango zuwa zauren gidanmu

A watan Nuwamba na 2024 wani labari ya karaɗe wayoyin mutane a Sakkwato: an sayar da ayaba ɗaya da aka liƙa a bango da salatif kan dala miliyan 6.2 a birnin New York. Wanda ya saya ya ɓare ta ya cinye bayan 'yan kwanaki, kuma bai yi asarar ko kwabo ba. Abin da ya biya wa kuɗi takardar shaida ce daga Maurizio Cattelan, ɗan Italiya mai aikin, haɗe da bayanin yadda ake liƙawa. In ayaba ta ruɓe sai a sa wata.

Wannan nau'i shi Turawa ke kira konsefcuwal, mu kuwa "fasahar tunani" ya fi dacewa da shi. Fasaha ce da tunanin da ke bayan aiki ya fi abin da hannu ya ƙera muhimmanci. Idan badukun Sakkwato ya ɗinka jaka da jar fata, ɗinkin ake dubawa da rini da laushin jima. A fasahar tunani kuwa tambayar ita ce: me mai aikin yake so ka lura da shi wanda da ba ka lura ba?

Asalinta ana jingina shi ga Marcel Duchamp, Bafaranshe, wanda a 1917 ya aika da mazubin fitsari na kanti zuwa wani baje koli a New York ya ce aikin fasaha ne. Sunan bai zauna ba sai a shekarun 1960. A 1965 Joseph Kosuth ya jera kujera, da hoton kujerar, da ma'anar kalmar "kujera" daga ƙamus, ya bar mai kallo da tambayar wacce ce kujerar gaskiya. Sol LeWitt shi umarni yake rubutawa, wasu su zana a bango, kamar yadda mai tsara gida ke ba magina takarda.

Ni dai ayabar ba ta burge ni ba, harkar kasuwa na fi gani a cikinta. Ɓangaren da ya shiga raina shi ne na masu aiki da fili da gini da yadda ido ke gani.

A 1974 Gordon Matta-Clark, wanda ya karanci tsara gine-gine, ya sami wani gida da za a rushe a jihar New Jersey ta Amurka, ya tsaga shi gida biyu daga rufi har ƙasa, haske ya ratsa ɗakunan ta tsagar. A 1993 Rachel Whiteread ta bi wata hanya a gabashin Landan. Ta shafe cikin wani tsohon gida da kankare, sannan ta cire bangayen waje, sai siffar cikin ɗakunan ta tsaya tsaye a bakin titi, da alamun tagogi da murhu. Wurin da iyali suka zauna suka sha iska, wanda ba a taɓa shi da hannu, ya koma abin da ake gani. Ta ci kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a shekarar, mace ta farko da ta ci, kuma a Janairun 1994 aka rushe aikin. Christo da matarsa Jeanne-Claude sun shafe shekara 24 suna neman izini kafin su lulluɓe ginin majalisar Jamus da ke Berlin da ƙyalle a 1995. Mako biyu kacal ya yi a lulluɓe, miliyoyin mutane suka je kallon ginin da suka saba wucewa ta gabansa.

A nan Afirka ta Yamma akwai Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a arewacin Ghana. Yana tara tsofaffin buhunan da suka ɗauki koko, daga baya suka ɗauki hatsi da gawayi, a ɗinke su wuri guda a rufe manyan gine-gine da su. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa ya san tsohon buhu yana ɗauke da labari: sunan ɗan kasuwa da aka rubuta, facin da aka yi, gumin 'yan dako. Wannan labarin Mahama ke ɗora wa gini.

Ba na cewa kakanninmu fasahar tunani suka yi, niyyarsu daban take. Amma darasin da waɗannan mutane ke wahalar koyarwa, Basakkwace ya tashi a cikinsa. Dubi wurin salla na bakin hanya da aka kewaye da jerin duwatsu. Babu bango, babu rufi, ƙasar ciki ita ce ta waje. Duk da haka ba mai tsallake duwatsun nan da takalmi. Niyya da yarda ne suka raba fili gida biyu.

Ko kuma zaure. Maginin gargajiya ba ya daidaita ƙofar shiga da ƙofar da ke kaiwa cikin gida, yana karkatar da ita don idon baƙo ya tsaya inda ya kamata. Ka fito daga ranar azahar ta watan Afrilu ka shiga zauren ƙasa, sai idonka ya yi duhu na ɗan lokaci, sanyi ya taɓa jikinka, muryarka ma ta sauka. Ginin ya riga ya gaya maka ka shigo hurumin wani tun kafin a amsa sallama. James Turrell, Ba'amurke, ya yi shekaru yana gina ɗakuna masu rami a rufi, mutane su zauna da almuru suna kallon sama ta cikinsa, har ta yi kamar shuɗin zane da aka shimfiɗa dab da kai. Wanda ya kwana a tsakar gida lokacin zafi, katanga ta yanko masa rabonsa na taurari, ba zai sha wuyar gane nufinsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofofin garin nan. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809 aka san shi da ganuwa, yau kuwa ta shafe a mafi yawan wurare. Sunayen ba su shafe ba. Ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke ko Ƙofar Taramniya, ba zai tambaye ka hanya ba. Muna shiga muna fita ta ƙofofin bangon da yanzu a cikin tunaninmu yake zaune.

Da wani ɗalibi zai nemi shawarata kan aikin irin wannan a Sakkwato, da na ce masa ya je wurin dattawan unguwanni da gidan tarihi na Waziri Junaidu ya gano inda ganuwar ta bi, ya nemi izinin masu wuri, ya ja layi da farar ƙasa daga wata ƙofa zuwa wata. Layin zai ratsa kwalta, ya bi ta gaban shaguna, ya ɓace a bayan wani gida ya ɓullo ta wani lungu. Yara za su bi shi da ƙafa suna tambayar manya mene ne wannan. Ruwan farko na damina zai wanke shi.