Makin likita a jarrabawa da ciwon suga: ga amsar, kada a sake tambaya

Tambayar ita ce: makin da likita ya ci a jarrabawa yana nuna yadda zai kula da masu ciwon suga?

Wace jarrabawa ce wai?

Ta Amurka ce. Hukumar ABIM, mai ba likitocin cututtukan manya shaidar ƙwarewa, ta sa wa takardarta wa'adi tun 1990: bayan shekara 10 likita ya sake zaman jarrabawa. Daga 2022 aka ba da zaɓin amsa tambayoyi kaɗan-kaɗan duk wata uku.

Likitana ya rubuta ta?

In a Najeriya yake, a'a. Lasisinsa yake sabuntawa duk shekara a MDCN, hukumar kula da likitocin Najeriya, da shaidar ƙaro ilimi. Don Allah a daina titsiye likitoci da tambayar maki.

Mai maki da yawa ya fi iya kula da masu suga?

Binciken Eric Holmboe da abokansa na 2008, a kan tsofaffin da ke Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ya nuna likitocin da ke sahun gaba a maki sun fi tura masu suga gwajin HbA1c (na auna sugar jini), da na kitsen jini, da duba ido. Ratar ba ta taka kara ta karya ba. Kuma tura gwaji aka ƙirga, ba saukar suga ba.

To yaya zan gane ana kula da ni yadda ya kamata?

Nan ne sai a hankali. Duba katinka: an yi maka HbA1c cikin wata shida da suka wuce? Shi ke nuna sugarka ta wata biyu zuwa uku, ba ta safiyar yau kaɗai ba. Yawancin manya ana so ya zauna ƙasa da kashi 7, amma ga dattijo ko wanda sugarsa ke yawan faɗuwa ana sassautawa, kada ka ga 7.5 hankalinka ya tashi. An taɓa ce maka cire takalmi a duba tsakanin yatsu? Ido da fitsari fa, sau ɗaya a shekara? In ba a yi ba, mai yiwuwa sakaci ne, mai yiwuwa kuma asibitin ba na'ura, ko likitan ya san aljihunka ya yi kawaici, ko layi ya kai bakin ƙofa. Tambaye shi kai tsaye. In ya yi bayani, ka zauna da shi. In kullum sai dai ya rubuta maganin suga na metformin, kansa a sunkuye, to, ina jin ka nemi wani, in akwai wanin a kusa.

Ni da na ji sauƙi, in bar maganin?

Kul! Wa ya ce maka?