Galahanga: Me ya sa likita ya daina cewa Asperger?

Wata uwa a unguwar Aboabo da ke Kumasi ta nuna min tsohuwar takardar asibitin ɗanta, an rubuta Asperger, sunan da ake kiran wani nau'in galahanga da shi a da. Da ta koma asibiti bana, sai aka ce mata an daina amfani da wannan suna. Ga tambayoyin da ta yi.

To, ɗana ya warke ke nan?

A'a, Hajiya. Suna kawai aka sauya. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da littafinta DSM-5, ta haɗe Asperger da sauran rabe-raben wuri guda, ta kira su galahanga mai matakai, wato otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a kundinta ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Wanda aka riga aka tabbatar masa a da yana cikin sabon sunan.

Me likita yake dubawa yanzu?

Abu biyu. Na farko mu'amala da mutane: a kira yaro bai waiwaya ba, ba ya haɗa ido, ba ya nuna miki abu da yatsa don ki gani, ba ya shiga wasan tsara. Na biyu maimaita abu ɗaya: jera murafen kwalba a layi, kuka mai tsanani don an canja hanyar makaranta, maimaita kalma guda. A nan aka ƙara abin da iyaye suka daɗe da lura da shi: yaron da ke toshe kunne idan an kunna lasifikar biki, ko ya ƙi wata riga saboda yadda take taɓa fatarsa. Daga alamomi huɗu na wannan ɓangare, biyu ake nema.

Jinkirin magana kaɗai bai isa hujja ba. A gwada jinsa tukuna.

Matakan fa?

Uku ne, gwargwadon taimakon da yaro ke buƙata. Na uku ne mafi buƙata.

A gida ana cewa aljanu ne.

Na sha jin haka a zango, har da masu cewa bakin uwa ne. Ba ko ɗaya. Yanayin girman ƙwaƙwalwa ne, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Ki yi addu'arki, ki kuma kai shi sashen yara na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Ki tafi da bidiyon wasansa a wayarki, domin a ɗakin likita yaro yakan yi tsit.