Awon turjiyar siririyar waya: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Masu naɗin koyil ɗin fanka da injin ruwa, ga amsoshin nan wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Me ya haɗa turjiya da kaurin waya?

Turjiya ita ce yadda waya take hana wutar lantarki wucewa cikin sauƙi, kuma da awonta ake gane ko kaurin wayar daidai yake. Waya tana sirancewa, turjiyarta tana hawa. Kauri ya ragu da kashi 1 cikin 100, turjiya ta ƙaru da kusan kashi 2.

Maikuromita, ma'aunin kauri, bai wadatar ba?

A'a. Wuri ɗaya yake kamawa, kuma har fentin jikin wayar yake haɗawa.

Na yanko guda biyu daga naɗi ɗaya, awonsu ya bambanta. Wayar ce ba ta da kyau?

Wataƙila, amma kada ka yi saurin komawa wurin mai shago. Tsawonsu ɗaya ne tsaf? Ka kankare fentin bakin wayar har jan ƙarfen ya fito fes? Sau da yawa a nan matsalar take. Sai zafi: turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Wadda ka auna da sassafe da wadda ta sha rana a kan benci, in digiri 10 ne tsakaninsu, kashi 4 ke nan, alhali waya lafiyarta ƙalau. Akwai kuma fizga. Ina ganin yara suna fizgar waya don ta miƙe, sun sirantar da ita da hannunsu ba su sani ba. In ka kiyaye duk waɗannan, ka yanko daga farkon naɗi da tsakiya da ƙarshe, bambancin bai tafi ba, to ana iya zargin wayar. Ko a hakan ma, doguwar waya takan ɓoye ɗan wurin da ya sirance, don jimilla kake gani.

Maltimitata, na'urar awon lantarki ta hannu, za ta iya?

Ya danganta. Jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.1 yana ba da turjiyar kusan om 2.2 a tsawon mita ɗaya. Auna mita 10, ka samu abin kamawa. Mai milimita 0.5 kuwa om 0.09 ne kacal a mita ɗaya, igiyoyin na'urar kansu sukan fi haka. Nan sai awon Kelvin mai igiya huɗu: biyu su kai wuta, biyu su karanta.

Awo ya haura abin da ya kamata da fiye da rabi, ko'ina iri ɗaya.

Wataƙila ba kauri ba ne wannan, malam. Kankare ta ka duba. In cikin fari ne, alminiyam aka lulluɓe da jan ƙarfe.