Daga Farfesun Ƙafar Saniya Zuwa Gam ɗin Jiki

Duk wanda ya taɓa sayo farfesun ƙafar saniya a Aboabo ta Kumasi ya kwanar da shi a firij ya san yadda romon ke wayar gari a daskare. Abin da ya daskarar da shi, wanda kuma ke sa gandar kan wake da shinkafa danƙo, ya fito ne daga kolajin. Asalin sunan Girkanci ne, yana nufin gam. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikinmu shi ne, kuma a wajen ƙwayoyin halitta yake zaune, a saƙar da ke tsakaninsu.

Tun da Theodor Schwann ya bayyana a 1839 cewa jikin dabba ƙwayoyi ne suka haɗu, hankalin masana ya koma kan tubalin, aka ɗauki abin da ke tsakani tamkar laka kawai. A 1907 wani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya matse soson teku mai rai ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyin suka warwatse. Sai ga su sun lallaɓo sun sake haɗuwa. Ashe sun san juna.

A Madras ta Indiya, G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha suka nuna a 1954 cewa kolajin zare uku ne a murɗe, kamar igiyar guga. A 1963 Marilyn Farquhar da George Palade suka bayyana mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyi: akwai mai toshe kafa don kada abin da ke cikin hanji ya yoyo, akwai mai riƙo kamar maɓallin riga.

A ganina babban juyin ya zo ne wajen shekarun 1980. Masatoshi Takeichi na Japan ya gano kadherin, furotin da ke manna ƙwaya da 'yar'uwarta, kuma sai da kalsiyam yake aiki. Mina Bissell kuwa ta dage cewa saƙar nan ba shimfiɗa ba ce kawai, tana aika wa ƙwaya saƙo kan ta rabu biyu ko ta tsaya.

Nan maganar ta shafi sankara. Ƙwayar da ta saki maƙwabtanta ta huda siririn shingen saƙar nan da ke ƙarƙashinta, ta kama hanyar yaɗuwa. Shi ya sa in an kai tsokar gwaji asibiti irin Komfo Anokye na Kumasi, cikin abin da likita ke dubawa har da ko an keta shingen nan.