Waiwaye: Ina tsofaffin jiragen auna teku suke ƙarewa?

Lokacin da sabon jirgin sojan ruwa NNS Lana ya iso Legas daga Faransa a 2021, ido duk ya koma kan sabo. Kaɗan ne suka tuna cewa sunan ma gado ya yi. Lana na farko a Ingila aka ƙera shi, ya fara aiki a 1976, ya yi shekaru yana auna zurfin ruwan gaɓarmu don a zana taswirar da matuƙa ke bi, har tsufa ya sa aka jingine shi.

Jiragen awo iri biyu ne. Akwai irin su Lana masu auna zurfi, akwai kuma na neman mai, masu jan wayoyi tsawon kilomitoci a bayansu suna harba sauti ƙarƙashin teku. Na biyun ne suka fi shan kashi. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanonin mai suka tsuke bakin aljihu, aikin bincike ya yi ƙaranci. Kamfanin Dolphin Geophysical na Norway ya durƙushe a ƙarshen 2015, WesternGeco ya sayar da jiragensa a 2018. Jirgi kuwa ko yana ɗaure sai ya ci kuɗi: ma'aikata, inshora, kuɗin tasha. Da yawa daga cikin tsofaffin sai aka kai su mayanka, wato inda ake yanka jirage a sayar da ƙarfensu.

A nan ne lissafi yake cizo. Mai yanka jirgi nauyin ƙarfe yake saya, tan-tan. Darajar jirgin awo kuma a na'urorinsa take, su ake fara kwancewa. Abin da ya rage gangar jiki ce ƙarama idan aka gwada ta da tankar mai. Manyan mayankan duniya suna nesa da mu: Alang a Indiya, wadda aka buɗe a 1983, Chattogram a Bangladesh, Gadani a Pakistan, sai Aliaga a Turkiyya. Jan mataccen ƙaramin jirgi daga Legas zuwa can na iya cinye ribar tun a hanya. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale ta wajen Kirikiri ko mashigin Badagry ya ga jirage iri-iri sun yi tsatsa a kwance, waɗanda NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Nijeriya, ke fama da kwashewa.

Dokoki sun zo ne a makare. Sai da aka jibge gubar Italiya a garin Koko na Jihar Delta ta yau a 1988 kafin Yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Ta Hong Kong, wadda ta shafi yanka jirage kai tsaye, an amince da ita a 2009, amma ba ta fara aiki ba sai 26 ga Yunin 2025. Shekara 16! Ta wajabta wa jirgi ya riƙe takardar da ke lissafa duk abu mai guba da ke jikinsa, a kuma yanka shi a wurin da hukuma ta yarda da shi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen layin, domin a nan 'yan'uwanmu suke. Nijeriya ta hana fitar da tsohon ƙarfe waje, saboda haka abin da aka yanka a nan gida yake zama. Yana bi ta hannun 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, ya hau sikeli a kasuwanni irin su Owode Onirin ta Legas, ya wuce masana'antun Ikorodu da Ogijo a narka shi ya zama rodi. Jirgin shekarun 1970 kuwa yakan zo da asbestos, abin tare zafi mai cutar da huhu, naɗe a jikin bututunsa, da fenti mai dalma, da ragowar baƙin mai a tankunansa, wanda tartsatsin wutar yanka ke iya tayarwa. Haka ta faru a Gadani a Nuwamban 2016, mutane fiye da 20 suka mutu. Yaron da ya zo ci-rani daga Arewa yana lodin ƙarfe da hannu tsirara bai ga waccan takardar guba ba. Abin da ya sani shi ne nawa maigida ya ce kilo yau.